Majalisar gari tana ba ƴan hayarta lissafi: karatu bisa ƙasar Ingila

Duk wanda aka ba riƙon dukiyar jama'a, ranar lissafi tana jiransa. Ma'ajin ƙungiyar manoma ya san haka. Bayan kaka sai ya zauna gaban jama'a, ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Karatun yau bisa wani lissafi ne irin wannan, amma a ƙasa mai nisa, ƙasar Ingila.

Can, majalisar gari, wadda a nan ake ce ma meri, tana da gidaje nata na kanta. Tana ba masu ƙaramin ƙarfi hayarsu bisa kuɗi mai sauƙi. Kowace shekara kuma tana rubuta takarda, ta gaya ma ƴan haya abin da ta yi da kuɗinsu da gidajensu. Ita ce takardar lissafin shekara.

Daga ina gidajen suka fito?

A shekara ta 1919, bayan yaƙin duniya na farko, sojoji suka komo gida, suka tarar babu wurin zama na kirki. Gwamnati ta yi doka, ta ba majalisun gari kuɗi su gina gidaje. Bayan yaƙi na biyu aka ƙara ginawa da yawa. Wajen 1980, kusan iyali ɗaya cikin uku na ƙasar a gidan majalisa yake zaune.

A shekarar nan ta 1980, gwamnatin Magaret Taca ta ba ɗan haya izinin saye gidan da yake ciki da rangwame. Daga lokacin an sayar da gida wajen miliyon 2, kuma ba a gina madadinsu duka ba. Waɗansu majalisun ma suka miƙa gidajensu ga ƙungiyoyin gidaje, waɗanda ba don riba suke aiki ba. Abin da ya rage a hannun majalisu ya kai gida miliyon 1 da dubu 600. Birnin Birmingam shi ya fi kowa, yana da kusan dubu 60. Masu jiran a ba su gida kuwa, a 2024 sun zarce iyali miliyon 1 da dubu 300.

Ke nan wanda ya samu gidan majalisa ba ya iya cewa: mai gidan nan bai yi mini ba, bari in tashi in koma wani. Hayar gidan ɗan kasuwa ta fi ƙarfinsa, layin jira kuma yana da tsawo. Ba shi da wurin gudu. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe mai gidansa da tambaya. Amfanin takardar ke nan.

Kuɗin haya, tukunyarsa dabam

Majalisar gari tana da ayyuka barkatai: lakkwal, hanyoyi, kwasar shara, kula da tsofaffi. Kuɗin waɗannan daga lanho yake fitowa da taimakon gwamnati. Amma kuɗin hayar gidaje ba a gama shi da su. Wata doka ta 1989 ta ce a yi masa asusu dabam. Ba a ɗibar kuɗin haya a gyara titin kasuwa, ba a kuma ɗibar lanhon gari a rage ma ƴan haya kuɗin haya. Dokar nan ce kuma ta umurci kowace majalisa ta riƙa aika ma ƴan hayarta rahoto kowace shekara.

A lura da wannan da kyau. Tun da tukunyar dabam ce, duk abin da aka kashe wajen gyaran gidaje, da albashin ma'aikatan gidaje, da biyan bashin gini, kusan duka daga aljihun ƴan haya ya fito. In an yi ɓarna, kuɗinsu aka ɓata. In an yi tattali, su aka yi ma. Takardar lissafi ba alfarma ba ce majalisa take yi musu.

Shekarar kuɗi a Ingila tana farawa ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris. Bayan ta ƙare sai ma'aikata su tattara lissafi. Takardar takan fito ƴan watanni bayan haka. Waɗansu majalisu suna aika ta gida-gida, waɗansu suna sa ta a intanet, wanda yake son ta takarda ya roƙa. Da yawa suna buga ta da manyan baƙaƙe don masu raunin ido, ko su juya ta cikin wani harshe in an nema. A wurare da dama akwai kwamitin ƴan haya da ke duba ta tun ba a buga ba.

Abin da aka saba gani a ciki

Shafin da ya fi sauƙin ganewa shi ne na kuɗi. Akan zana fam ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a yanka shi kamar yankan kankana. Wannan yanki gyara ya ci, wannan ma'aikata, wannan ruwan bashi, wannan aka ajiye don manyan ayyuka irin sake rufi da tagogi. Mai karatu da ido ɗaya yana ganin wane yanki ya fi girma.

Sai a zo ga gyara: sau nawa ƴan haya suka kira, nawa aka gyara, kwana nawa aka yi. Sai gidajen da suka zauna babu kowa, da kwanakin da aka ɗauka kafin a sa sabon ɗan haya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gida rufe ba ya kawo kuɗi, ga kuma iyali na jira a layi. Sai kuɗin haya da ba a biya ba, sai gidaje nawa aka gina, nawa aka sayar. Sai koke-koke.

Ƙarin kuɗin haya kuwa ba majalisa kaɗai ke yanke shi ba. Gwamnati ce ke sa iyaka. Daga 2016 zuwa 2020 ta sa aka riƙa rage haya kashi 1 cikin 100 kowace shekara, har shekara 4. A Afrilun 2023, lokacin da tsadar kaya ta wuce kashi 10, ta hana ƙarin ya zarce kashi 7. Ƴan haya sun ji sanyi. Amma kuɗin siminti da na magina bai tsaya ba, tukunyar gyara ta rage. Majalisa mai gaskiya tana faɗin wannan a takardarta, ta ce ga aikin da aka ɗage saboda rashin kuɗi.

Shekara da shekaru, aibin takardun nan ɗaya ne. Mai gida ne ke zaɓen abin da zai faɗi. Inda ya yi ƙoƙari ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya sa hoton mutane suna murmushi. Inda ya kasa ya yi shiru. Wannan gari yana aunawa da tiyarsa, wancan da tasa, ba mai iya gwada su. Hukuma mai sa ido bisa masu gidajen tana nan, amma a da, bisa dokar 2011, ba ta tsoma baki cikin zaman ƴan haya sai in ta ga babbar cuta ta auku ko tana shirin aukuwa. Wato sai ruwa ya kai wuya.

Gobarar Girenfel

A yammacin birnin Landan an yi wani dogon bene mai hawa 24, ana ce masa Girenfel. A lokacin na majalisar Kensintin da Celsi ne, wata ƙungiya ce take riƙe mata shi. A 2015 da 2016 aka yi masa gyara, aka manna ma bangonsa na waje falle-fallen alminiyam masu roba a tsakiya.

Mazauna benen sun daɗe suna kuka bisa haɗarin wuta. A Nuwamba 2016 waɗansunsu suka rubuta a intanet cewa ga alama sai babban bala'i ya faɗa kafin a saurare su. Daren 14 ga Yuni 2017 wuta ta tashi daga wani firigo a hawa na 4. Ta fita ta taga, ta kama falle-fallen nan, ta haye sama cikin ɗan lokaci. Mutum 72 suka rasu, har da yara ƙanana.

Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon alƙali, Martin Mur-Bik. Rahotonsa na ƙarshe ya fito ran 4 ga Satumba 2024. Ya ce duk mutuwar nan da an iya kauce mata. Ya ɗora laifi bisa kamfanonin da suka yi kayan, da gwamnati, da majalisa, da ƙungiyar da ke riƙe da benen. Ya kuma nuna cewa tsakanin ƙungiyar da mazauna babu amana, ana ɗaukar mai kuka tamkar mai neman fitina.

Bayan shekara 3 wani abin ya sake girgiza ƙasar. A garin Rocdel, kusa da Mancesta, wani yaro mai suna Awab Ishak ya rasu a Disamba 2020, kwana kaɗan bayan ya cika shekara 2. Iyayensa mutanen Sudan ne. Gidan da suke haya na ƙungiyar da ta karɓi gidajen majalisar garin a 2012 ne. Ingila ƙasar sanyi ce da laima. In iska ba ta ratsa ɗaki, bango yakan yi baƙar funfuna. Tun 2017 uban yaron ya kai kuka, aka ce masa ya shafa fenti a kai. A Nuwamba 2022 alƙaliya mai binciken dalilin mutuwa ta yanke cewa shaƙar funfunar nan ce ta ɓata numfashin yaron har ya rasu. Aka kori shugaban ƙungiyar.

Waɗannan biyun su suka sa aka sake doka a Yulin 2023.

Tiya ɗaya ga kowa

Daga Afrilun 2023 aka kafa ma'auni 22. Kowace majalisa da kowace ƙungiyar gidaje da su za ta auna kanta, ta buga sakamakon inda ƴan haya za su gani. Mai gida 1000 ko fiye kuma sai ya aika ma hukuma mai sa ido kafin ƙarshen Yuni. Ba ya da ikon tsallake wanda bai yi masa daɗi ba.

Ma'auni 10 daga littattafan biro suke fitowa. Biyar cikinsu na tsaron rai ne. An duba na'urar gaz ta kowane gida? Doka ta ce a duba kowace shekara, don gaz ke ɗumama gidajen, in na'urar ta lalace kuma tana fitar da iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. An duba haɗarin gobara? An duba asbesto, wani kayan gini na da wanda ƙurarsa ke cin huhu? An duba tankunan ruwa saboda ƙwayar cuta? An duba na'urar hawa bene? Sauran biyar ɗin sun shafi gyara cikin lokaci, da gidajen da ba su kai matsayin gidan kirki ba, da yawan koke-koke, da amsa su cikin wa'adi, da ƙarar maƙwabta masu fitina.

Ma'auni 12 kuwa daga bakin ƴan haya ake ɗauko su. Ana tambayarsu: kun gamsu da mai gidanku? Gyaran da aka yi muku fa, da lokacin da ya ɗauka? Kuna jin gidan yana da tsaro? Mai gida yana sauraronku, yana aiki da abin da kuka ce? Yana ba ku labari? Yana yi muku adalci, yana ganin girmanku? Tambayar nan ta girma, kafin gobarar Girenfel ba kowa ke ganin abin aunawa ce ba.

Sakamakon farko ya fito a 2024. Wajen mutum 7 cikin 10 suka ce sun gamsu da mai gidansu. Amma cikin waɗanda suka kai kuka, kusan ɗaya cikin uku kaɗai ya gamsu da yadda aka yi da kukansa. Nan ciwon yake.

Daga Afrilun 2024 hukuma mai sa ido ba ta jiran sai an mutu. Tana zuwa da kanta ta bincika manyan masu gidaje, aƙalla sau ɗaya cikin shekara 4, ta ba su daraja daga ta 1 zuwa ta 4. Majalisar Barnsli ce ta fara samun ta 1 cikin majalisu. A Oktoba 2024 majalisar Niyuham, a gabashin Landan, ta fara samun ta 4, wadda ta fi muni. An tarar tana da ayyukan kare gobara fiye da dubu 9 da lokacinsu ya wuce ba a yi ba. Majalisa kuma dole ta gaya ma ƴan haya yadda ta kashe kuɗin haya, har da abin da manyan shugabanni suke ɗauka.

Wannan tsari na Ingila ne. Ƙasar Sikotlan, maƙwabciyarta ta arewa, tana da nata tun 2012; can mai gida yana ba ƴan haya rahoto kafin ƙarshen Oktoba.

Yadda ake karanta lissafin

Lamba ba ta ƙarya, amma tana iya rufe ido. Ga misali, ba na wani gari ba ne, don koyo ne kawai. A ƙaddara majalisa tana da gida 2000. Ta rubuta: an duba gaz a kashi 99 cikin 100. Mai gaggawa zai ce madalla. Mai natsuwa zai ɗauki alƙalami. Kashi 1 cikin 100 na 2000, gida 20 ke nan. Iyali 20 suna kwana da na'urar da ba a duba ba. In gidajen dubu 60 ne, kashi ɗayan nan gida 600 ne. A sha'anin tsaron rai, abin da ake nema 100 cikin 100 ne. Tambayar ɗan haya ita ce: waɗanne gidaje suka rage, yaushe za a je?

Sai zancen gyara cikin lokaci. Mai gida shi ke sa ma kansa wa'adin. A ƙaddara majalisa ta farko ta ba kanta kwana 20, ta biyu ta ba kanta kwana 40. Ta biyu za ta fi samun lamba mai kyau, alhali ƴan hayarta sun fi daɗewa da rufi mai yoyo. Don haka aka ce kowa ya rubuta wa'adinsa kusa da lambarsa. Wanda ya karanta lamba bai karanta wa'adi ba, rabi ya karanta.

Gamsuwa ma haka. Ana ba wanda aka tambaya amsa 5 ya zaɓa, daga na gamsu ƙwarai har zuwa ban gamsu ba ko kaɗan. Wajen lissafi sai a gama mai cewa ƙwarai da mai cewa da dama-dama. Ke nan cikin 7 ɗin nan ba duka ke murna ba. Hanyar tambaya ita ma tana sauya amsa. Wanda aka tarar a ƙofar gidansa, ido da ido, yakan ji nauyi ya sassauta. Wanda ya amsa shi kaɗai a intanet yakan faɗi duk abin da ke ransa. Hukuma da kanta ta lura da haka, shi ya sa dole mai gida ya bayyana mutum nawa ya tambaya, ta wace hanya.

Akwai kuma wurin da mutane da yawa suke kuskure. Suna ganin majalisar da koke-kokenta suka yi kaɗan ita ce gwana. Ba lalle ba ne. Wani wurin an toshe ƙofa ne, ko mutane sun gaji sun daina zuwa, ko ma'aikaci ya karɓi kuka bai rubuta shi a littafi ba. Yawan kuka yana iya nuna cewa ƙofa a buɗe take. Abin dubawa shi ne: an amsa cikin wa'adi? Me aka sauya saboda kukan? Majalisu da yawa suna da shafi mai cewa: kun ce kaza, mun yi kaza. Shafin nan a karanta shi da takardar bara a hannu. Alkawarin bara, an cika shi bana, ko an sake rubuta shi da sabon tawada?

In takarda ta ce fari, bango ya ce baƙi

Ɗan haya yana iya karanta cewa kome lafiya, ya ɗaga kai ya ga ruwa na tsiyaya a ɗakinsa. Hanyarsa a shimfiɗe take, kuma tun 1 ga Afrilu 2024 ta zama doka.

Da farko ya kai kuka ga majalisa. Cikin kwanakin aiki 5 za a shaida masa an karɓa. Kwanakin aiki, wato ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Cikin 10 bayan haka a ba shi amsa a rubuce. In ba ta yi masa ba, ya ce a ɗaga ta gaba. Wani ma'aikaci dabam ya duba, ya amsa cikin kwanakin aiki 20. In har yanzu da saura, sai ya tafi wurin mai raba gardamar gidaje. Wannan ba ma'aikacin majalisa ba ne, ba a kuma biyansa ko tamma. Yana iya umurtar majalisa ta yi gyara, ta nemi gafara, ta biya diyya. Yana buga hukuncinsa da sunan majalisar. Kowace shekara kuma dole majalisa ta fitar da rahoto na musamman bisa koke-koken da ta karɓa da abin da ta koya daga cikinsu, ƴan majalisa zaɓaɓɓu su duba shi su faɗi ra'ayinsu a fili.

Ran 27 ga Oktoba 2025 wata doka ta fara aiki, ana kiranta da sunan yaron Rocdel, dokar Awab. In haɗari na gaggawa ne, kamar gaz mai yoyo ko wayar lantarki mai iya kashe mutum, mai gida yana da awa 24 ya duba ya kawar da shi. In laima ce da funfuna masu cutarwa, ya bincika cikin kwanakin aiki 10, ya ba ɗan haya sakamakon a rubuce cikin 3 bayan binciken, ya kawar da haɗarin cikin 5. In ba zai iya ba cikin wa'adin, ya nemo ma iyalin wani masauki da kuɗinsa har a gama. In ya ƙi, ɗan haya yana da ikon kai shi kotu.